Dinamon da ya dawo daga Jibuti

Mijina mai naɗin dinamo ne. Na san ba kowa zai gane ba, don ni kaina sai da na shekara biyu a gidansa kafin na daina ce wa ƙawayena bakanike ne. Dinamo shi ne injin lantarkin nan da ke juya famfo ya tura ruwa saman bene, ko ya juya injin kwaɓin fulawa a gidan burodi. In ya ƙone, wayar jan ƙarfen da ke cikinsa ta yi baƙi ƙirin, sai a ɗauko shi a kai wa Malam a warsharsu, wato shagon aikinsu, da ke Madinar Masana'antu, can kudancin Jidda. Zai buɗe, ya ƙirga zagayen tsohuwar wayar ɗaya bayan ɗaya kafin ya ciro ta, sannan ya naɗa sabuwa daidai yadda ya tarar, ba ƙari ba ragi. Haka wani tsoho mutumin Yaman ya koya masa, shi kuwa Malam in aka koya masa abu, ya riƙe ke nan har kabari.

Sunansa Isha'aku. Na faɗa sau ɗaya saboda rubutu, kada a sa ni maimaitawa. Ni Bara'atu Malam nake ce masa, Larabawa kuma Mu'allim. Daga wani ƙauye kusa da Tasawa ya fito a ƙasar Nijar, yana da shekara goma sha tara. Ƙauyen nasu ba lantarki, ko yanzu ma ban tabbata ya isa ba. Mutumin da ya ci abinci da lantarki shekara talatin da ɗaya, a Jidda ya fara kunna ƙwan fitila da hannunsa. Nan ya yi sharar warsha, nan ya koyi aiki, nan ya aure ni, nan muka haifi Lujain da Tariq a wani ɗan gidan haya a Madain Fahd. Ba shi da yawan magana, ba ya zaman majalisa, kuma har yau bai iya sayen tumatir ba tare da an cuce shi ba. Amma a layinsu an san abu ɗaya: dinamon da ya naɗa ba ya dawowa a ƙone.

Ba shi ya fara faɗa ba, mutane ne. Daga baya kafilinsa Abdulmajid, mai warshar, wanda ya tsaya masa a takardun zama, ya sa aka rubuta da Larabci a jikin allon ƙofa, da jan fenti. Abdulmajid jikan alhazan Kano ne da suka zo da ƙafa, haihuwar Jidda, ɗan ƙasa, Hausarsa rabi da rabi. Mutumin kirki ne, sai dai son talla. Malam ya nuna kamar bai damu da rubutun ba. Ni da nake wanke masa riga na san ƙarya yake, don duk safiya in ya sauka daga mota sai ya ɗaga kai ya dubi allon nan.

Wannan sunan ne ya kai shi Jibuti shekara biyu da suka wuce. Wani kamfani na nan Jidda, mai kula da injunan ruwa da na sanyi a ɗaya daga barikokin sojan ƙasashen waje da ke can, ya nemi gwani na mako uku. Aka ce musu ga wanda aikinsa ba ya dawowa. Abdulmajid ya yi ta sintiri har aka buga masa bizar fita da dawowa. Na buɗe taswira a wayar Lujain ina neman ƙasar, sai da na faɗaɗa hoton da yatsu sau uku kafin na gan ta a tsallaken tekun nan namu, can ƙasa inda bakinsa ya tsuke.

Da ya dawo na tambaye shi abin da ya gani, don in ba a tambaya ba ba zai faɗa ba.

"Ƙaramar ƙasa ce, Bara'atu, ga zafi kamar a bakin tanderu," in ji shi. "Amma duk jirgin ruwan da zai shigo tekun nan ta kudu sai ya bi ta ƙofarsu. Shi ya sa kowa ya zo ya kafa bariki. Faransawa na nan, Amurkawa na nan, ga Sinawa, ga Japanawa, ga Italiyawa. Kowa da katangarsa, kowa da tutarsa, kowa da kuran ɗinsa."

Kuran lantarki ke nan a bakin mutanen Nijar. Ba zan faɗi barikin wace ƙasa ya yi aiki ba, don ya sa hannu a takarda, ni kuma ba na son fitina. Ya ce a ciki akwai komai: janaretoci masu girman ɗaki, ruwan sanyi a kowane lungu, har wurin ninƙaya. A ciki yake kwana, a ciki yake ci, ba ya fita sai da takardar izini. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bayan ɗakin injuna, inda ake tara dinamomin da suka ƙone. Su ba sa naɗi. In ya ƙone a jefar, a buɗe sabon kwali. Ya ce ya tsaya a gaban tarin nan kamar wanda ya ga an zubar da tuwo.

A can ya haɗu da Mahamat, wani direban tankar ruwa na kamfanin, mutumin Chadi mai jin Hausa, wanda ya auri 'yar ƙasar ya zauna a wata unguwa da ba ta da nisa da katangar barikin. Ranar Juma'a ta biyu aka ba Malam izinin awa uku, Mahamat ya kai shi masallacin unguwarsu. Da suka fito sai ya ga mata da jarkoki masu ruwan ɗorawa a kai da a baya, suna tafe cikin ranar nan. Ya tambaya. Mahamat ya nuna masa wani ɗan ɗaki a gefen masallaci: rijiyar burtsatse ce da tanki da famfuna huɗu, dinamonta ya mutu wata bakwai, har an kwance an sayar da ƙarfensa. Tun daga nan mata ke zuwa wata unguwa ɗebo ruwa, tafiyar kusan awa guda zuwa da dawowa.

Kun dai san abin da ya biyo baya. Ya auna gindin famfon da igiyar carbinsa, ya koma bariki, ya tono dinamo mai wannan girman daga cikin tarin. Sai da ya kwana biyar yana bin ofisoshi kafin wani hafsa ya sa hannu cewa tarkace ne, an ba shi. Ya naɗa shi a lokacin hutun rana, sa'ad da kowa ke kwance a ƙarƙashin na'urar sanyi. Ya ƙirga zagayen kamar kullum, ya mayar daidai. Ya gwada shi da wutar bariki, ya tashi lafiya lau. Ba a sake ba shi izinin fita ba, don haka ranar da zai hau jirgi Mahamat ne ya ɗora dinamon a mota, shi da wani mai gyaran wuta na unguwar suka ɗaura.

Ya dawo mana da fara'ar da ban saba gani ba. Mahamat ya turo hoton ruwa na zuba, Malam ya nuna wa Lujain, ya nuna wa Tariq, ya nuna wa mai kantin ƙasan gidanmu, wanda ko ina Jibuti take bai sani ba. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Kwana goma sha ɗaya da dawowarsa, muna cin abincin rana, wayarsa ta yi ƙara. Mahamat ne. Malam ya buɗe muryar wayar don in ji, yana zaton wani albishir ne.

"Mu'allim, ka yi haƙuri," in ji Mahamat. "Dinamon ya ƙone jiya. Tun ranar farko yana zafi, mun ɗauka haka yake. Jiya sai hayaƙi."

Malam ya ajiye cokali. Ya tambaya ko rijiyar ta ƙafe an bar shi yana juyawa a bushe. A'a. Ko waya ɗaya ta tsinke. A'a. Ko yashi ya shiga famfo. A'a. Sai ya ce Mahamat ya je ya ɗauko masa hoton mitar wutar masallacin, kusa sosai, yadda zai iya karanta ƙananan rubutun. Da hoton ya iso ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Hamsin," ya tashi ya shiga ɗaki.

Sai da yamma ya yi mini bayani, kuma zan faɗa yadda na gane. Wutar lantarki tana da bugu, masu sana'ar suna ce masa saikil. Ta Saudiyya tana bugawa sau sittin a sakan ɗaya. Ta janaretocin barikin nan ma sittin ce, injunansu duk na sittin ne. Ta garin Jibuti kuwa hamsin ce. In ka ɗauki dinamon da aka naɗa don sittin ka sa masa hamsin, zai juya, zai ba da ruwa, amma yana cin wuta fiye da ƙima yana dahuwa a hankali har ya ƙone. Malam ya san wannan sarai, ko a barci ka tashe shi zai faɗa maka. Amma mutumin da duk rayuwar aikinsa a Jidda ya yi ta, wanda ya bar ƙasarsu bai taɓa ganin mita ba, a wurinsa wuta ita ce sittin. Ya shiga bariki ya tarar da sittin. Bai taɓa kawowa a ransa cewa a bayan katanga wata wuta ce daban ba, kuma bai tambaya ba.

"To ai kyauta ka yi," na ce masa. "Ba wanda ya sa ka."

"Kyauta na yi musu ta kwana goma," in ji shi. "Yanzu sun koma hanya da jarkoki. Da can sun haƙura. Ni na sa musu rai."

Washegari ya gaya wa Abdulmajid. Tariq ne ya kai shi aiki ranar, shi ya ba ni labarin yadda suka yi.

"Ya Mu'allim, halas, ma'alesh, shi ke nan, ba komai," in ji Abdulmajid. "Wa ya sani? Jibuti fen, Jidda fen? Ina Jibuti, ina Jidda? Kamfani suna so ka koma bayan Hajji, har sun yi mini magana. Ka bar shi kawai. In kana so mu aika musu wani abu su sayi sabo."

"Sabo ba ya zuwa unguwar nan, da zai zo da ya zo tun wata bakwai. Kuma ba sabo ne ya ƙone ba, nawa ne. A dawo mini da shi."

"A dawo da shi ina? Nan? Gaban mutane?"

"Nan na koyi kuskuren, nan zan gyara."

Gaskiya ni a lokacin bayan Abdulmajid nake. Kusan shekara talatin mutum yana gina suna, ba gida gare shi ba, ba fili, ba takardar ɗan ƙasa, sai iƙama, takardar zaman da ake sabuntawa. Sunan nan shi ne kaɗai abin da ya mallaka a garin nan wanda ba na kafili ba. Ga shi zai ɗauko abin da zai rusa shi daga tsallaken teku, da hannunsa. Na faɗa masa haka, da murya mai ƙarfi ma, har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kin yi gaskiya," ya ɗauki waya ya kira Mahamat.

Jiragen dabbobi suna tasowa daga Jibuti zuwa tashar Jidda da tumaki da awaki. Mahamat ya san wani mai kula da dabbobi a ɗaya daga cikinsu. Aka yi takardu, aka jira jirgi, aka jira sauke kaya. Mako uku cur. A cikin makonnin nan Malam ya daina wanka da shawa, sai da bokiti ɗaya. Na ce masa ruwan da yake ragewa a Madain Fahd ba zai bi ta ƙarƙashin teku ya ɓullo a Jibuti ba. Ya ce ya sani. Bai daina ba.

Dinamon ya iso a cikin buhu, yana warin tumaki da ƙauri. Akwai benci a can ƙuryar warsha inda ba mai gani. Malam ya sa aka ɗora shi a bencin bakin ƙofa, ya buɗe shi, baƙar wayar tana kallon titi. Kafin azahar duk layin sun ji. Akwai masu naɗi uku a layin, biyu daga cikinsu sun daɗe suna jin haushin jan rubutun nan, suka zo har da shayinsu a hannu. Duk wanda ya tambaya na wane ne, amsa ɗaya yake samu.

"Nawa ne. Ni na naɗa. Na sa sittin inda ake hamsin, ban tambaya ba."

Wani ya yi dariya a fili. Wani ya ce ashe Mu'allim ma mutum ne. Da la'asar Malam ya ɗauko tsani da gwangwanin farin fenti ya shafe rubutun da kansa. Abdulmajid ya tsaya a ƙasa yana riƙe masa tsanin, yana ta "la hawla" a hankali, amma bai hana shi ba, kuma wannan na riƙe masa shi a matsayin alheri. Sannan Malam ya kira injiniyan kamfanin ya gaya masa komai, wai don kada wani ya sake fitar da injin bariki zuwa gari bai duba ba. Injiniyan ya yi godiya sosai. Bayan Hajji suka ɗauki wani. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma in na haɗu da injiniyan nan zan gaya masa abin da Malam ba zai iya ba.

Naɗin na biyu shi ne karo na farko a rayuwarsa da bai mayar da abin da ya tarar ba. Wutar hamsin tana son ƙarin zagaye, kusan ɗaya a kan kowane biyar, ga ramukan da wayar ke kwanciya ba sa ƙaruwa. Ya kwana biyu yana lissafi a bayan kwalin waya da fensir, yana gogewa. Lujain ta ce ta duba masa a kwamfuta, ya ce ta duba, ta duba, suka yi daidai, ya yi kamar bai ji daɗi ba. Sai matsalar gwaji: duk Jidda ba soket ɗin da zai ba ka hamsin. Ɗaya daga cikin masu dariyar nan, wani Bapakistane, shi ya turo masa tsohon janareta a kan kura ba tare da an roƙe shi ba. Malam ya rage masa gudu har allurar ma'aunin ta tsaya a kan hamsin, ya haɗa dinamon da famfo da ganga biyu, ruwa na zagayawa. Kwana uku yana gudu daga buɗe warsha zuwa rufewa. Duk bayan rabin awa ya je ya ɗora tafin hannu a jikinsa. Na kai masa abinci a rana ta uku, ya kama hannuna ya ɗora. Ɗumi ne kawai, kamar goshin yaro mai lafiya.

Dinamon ya koma da jirgin da ya kawo shi. Daga ranar da ya ƙone zuwa ranar da aka sake ɗaura shi, wata biyu da kwana shida. Malam ya ce wa Mahamat kada ya kira shi a ranar farko, ko ta biyu. Ya bari sai an yi kwana ashirin.

Kwana ashirin ɗin nan ba mu ji daɗinsa a gida ba. Ba ya faɗa, ba ya dariya, yana cin abinci kamar magani. Ranar ta cika a wata Asabar da hantsi, yana gida. Wayar ta yi ƙara, ya dube ta har sau uku kafin ya ɗauka.

"Mu'allim, yau ashirin," in ji Mahamat. "Ga hannuna a kansa yanzu haka. Tun asuba yake aiki."

"Da zafi?"

"Babu. Wallahi babu."

"Kusantar da wayar jikinsa in ji."

Mahamat ya kusantar. Malam ya manna tasa a kunne, ya toshe ɗayan da yatsa, ya runtse ido. Na ga goshinsa ya tattare.

"Ba na jin komai. Hayaniyar me ce wannan? Ka ce su yi shiru minti ɗaya."

Muka ji Mahamat yana magana da wani yare, ya ɗaga murya, ya sake ɗagawa. Ba abin da ya ragu. Ya dawo yana dariya.

"Mu'allim, ba za su yi ba. Mata ne a layin famfo. Wata ta ce ita ta riga zuwa, wata ta ce jarkarta ce a gaba tun ɗazu. Wata kuma ta zo da guda shida. Ni ba zan shiga tsakaninsu ba, ina da iyali."

Malam ya daɗe da wayar a kunne, ya daina neman ƙarar dinamon. Sannan ya miƙo mini.

"Bara'atu, ki ji."

Na karɓa. Ban san ko kalma ɗaya a yarensu ba, amma na san faɗan layin ruwa, na yi shi a Damagaram ina budurwa. Muryoyi ne birjik, da ƙarar jarkoki na gwaruwa, da ruwa na dukan gindin roba yana cikowa. Na ɗago zan yi masa tsiya kamar yadda na saba, sai na ga ya juya fuska wajen bango yana share ido da hannun riga. Shekara ashirin da bakwai ina auren mutumin nan, ban taɓa alfahari da shi kamar a wannan hantsin ba. Na bar tsiyar, na zauna kusa da shi, muka sa wayar a tsakaninmu muna sauraron faɗan har katin Mahamat ya ƙare.